Hoton kalsiyam na jijiyoyin zuciya a Kano: na'ura ta yi aikinta, mai bayani ne babu

Duk wanda likita ya tura ya yi hoton CT na auna kalsiyam a jijiyoyin zuciya, ya riƙe takardar likitan da kyau, ya kuma dubi abin da ake rubuta masa a rasit kafin ya miƙa kuɗi. A cibiyar da na je, saura ƙiris a yanka mini rasit ɗin wani gwaji daban, wanda ya fi nawa tsada nesa ba kusa ba, wanda kuma sai an duba lafiyar ƙodar mutum an ɗura masa ruwan rini ta jijiya kafin a ɗauka. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ga an rubuta zuciya an rubuta CT, shi ke nan ta yanke hukunci. "Alhaji, ai na zuciya guda ɗaya ne muke yi," in ji ta. Na ce, "'Yata, taimaka ki kira mini mai ɗaukar hoton." Da ya fito ya karanta takardar, nan take ya ce mata biyu ne: akwai mai allura, wanda ke nuna cikin jijiya da inda ta tsuke, akwai kuma wannan nawa, wanda ba allura, ba rini, ƙirga kalsiyam kawai ake yi. Ba zan kama sunan wurin ba. Ɗaya ce daga cikin cibiyoyin hoto masu zaman kansu da suka yawaita a garin nan, kuma abin da zan faɗa ya shafi irin wannan sabis ɗin gaba ɗaya.

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, shekarata 57, ritaya na leƙo ni. Ina da hawan jini da na daɗe ina shan amlodipine a kansa, ba ni da ciwon suga, ban taɓa shan taba ba, mahaifina kuma sai da ya haura tamanin Allah Ya karɓi abinsa. Da aka auna mini kitsen jini aka ga mugun nau'in ya ɗan hau, likitan zuciyar da nake gani ya kawo maganar a ƙara mini ƙwayar sitatin, mai rage kitsen jini. Na nuna masa ba na so. Ƙwaya ɗaya kullum ta ishe ni, ga kuɗin magani yadda ya zama. Sai ya ce, "Malam, kai a tsakiya kake. Ba ka cikin waɗanda zan ce dole su sha, ba ka kuma cikin waɗanda zan ce su je su sha iska. Akwai hoton da zai raba mana gardama." To, gani ya kori ji, na yarda.

Ga abin da hoton yake nema. Ita zuciya, duk da jini ne ke cika ta, tana da nata ƙananan jijiyoyin da ke kwance a jikinta ta waje suna ciyar da namanta. Shekaru na tafiya, hawan jini da suga da hayaƙin taba da kitsen jini suna ƙuje bangon waɗannan jijiyoyi ta ciki, kitse ya riƙa maƙalewa a wurin. In abin ya daɗe, jiki kan zuba kalsiyam a kai ya taurare. Kalsiyam ɗin kamar tabo ne: ba shi ne ciwon ba, amma in ka gan shi ka san an yi rauni a nan, kuma yawansa yana nuna yawan ɓarnar da aka tara. Wani abokin aikina da ya ji inda za ni ya ce lallai in daina shan fura da nono, wai daga nan kalsiyam ɗin yake zuwa. Na tambayi likita, ya yi dariya ya ce nonon shanu ba shi da laifi a wannan shari'ar, in dai ba sukarin da ake zabgawa a ciki ba.

Kuɗin da na biya ya haura mafi ƙarancin albashi na Naira 71,000 da Jihar Kano ta sanya a 2024. Inshorar lafiyar da nake ciki ba ta ɗauki nauyinsa ba, daga aljihuna ya fita. Suna karɓar taransifa da kati, kuma sun ba ni rasit mai hatimi ba tare da na roƙa ba, wannan kam na yaba. Amma babu farashi a manne a ko'ina, sai ka tambaya a duba kwamfuta a faɗa maka, abin da ba ya yi mini daɗi a wurin da ake karɓar irin waɗannan kuɗaɗe.

Wurin zaman jira tsaf yake, akwai sanyi, akwai ruwan sha, bayan gida ma ba laifi, ga ɗan wurin salla a gefe da butoci. An ce in zo da safe, na taso daga Rijiyar Zaki da wuri don in tsere wa cunkoson Kabuga, amma sai da aka kusa kiran azahar aka shiga da ni. Wuta ta ɗauke, aka tada janareta, na'urar kuma sai an ba ta lokaci ta daidaita kafin a ci gaba. Sannan aka kawo wani yaro da babur ya kaɗe, za a ɗauki hoton kansa, aka shigar da shi gabanmu, kuma babu mai hankalin da zai yi ƙorafi a kan haka. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya leƙo ya ce mana ga dalilin jinkiri. Sai dai ka ji daga bakin mai shara.

Wani abu da ya kamata su riƙa faɗa tun ranar da mutum ya zo biya, ba sa faɗa: kada a sha kofi ko shayi ko taba, kada kuma a ci goro, na kimanin awa 4 kafin hoton, domin duk suna sa zuciya gudu, zuciya mai gudu kuwa hotonta kan fito dishi-dishi. Ni likitana ya riga ya ja mini kunne. Wani dattijo da muka zauna tare, ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, goronsa na baki har aka kira sunansa, aka auna bugun zuciyarsa aka ce ya koma ya ƙara jira. A takardun Turawa kofi da taba ake lissafawa. A Kano duk wanda bai ambaci goro ba bai gama bayani ba.

Cikin ɗakin na'urar kuwa, babu abin da zan ce sai sambarka. Saurayin da ke ɗaukar hoton ya san aikinsa kuma yana da ladabi. Ya ce in cire riga ta sama da duk wani abu na ƙarfe, ya ba ni rigar asibiti wankakkiya, ya liƙa mini 'yan faya-fayan waya a ƙirji waɗanda ke bin bugun zuciya, domin na'urar ta riƙa ɗauka daidai lokacin da zuciya ta ɗan lafa tsakanin bugu da bugu. Na kwanta rigingine, hannuwa sama da kai. Na'urar da Turanci take ba da umarni, shi kuwa bai bar ni da ita ba. Kafin a fara sai da muka gwada tare: "Baba, in na ce ja numfashi, ka ja ka riƙe, kada ka yi motsi, kada ka haɗiye yawu, sai na ce saki." Gadon ya zura ni cikin zoben, na ji wani ɗan gurnani, na riƙe numfashi na daƙiƙu goma zuwa sha biyar, aka ce saki. Daga shigata zuwa fitata bai wuce minti goma sha biyar ba. Ba zafi, ba allura, zoben kuma a buɗe yake gaba da baya, mai tsoron matsatsin wuri ba zai takura ba. Sanyin ɗakin ne kawai ya yi yawa, shi ma saboda na'urar ne.

A nan dole malamin fiziks ya ɗan yi surutu, a yi mini haƙuri. Wannan na'ura wani injiniya ɗan Ingila mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta a kamfanin EMI, aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da ita a Landan a 1971, a 1979 kuma aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack. Ma'aunin taurin abu a hoton CT sunansa yake ɗauke da shi: ruwa sifili ne, iska 1,000 ƙasa da sifili, ƙashi kuma ɗaruruwa zuwa sama da dubu. A 1990 wani likitan zuciya a Miyami ta Amurka, Arthur Agatston, shi da abokan aikinsa suka fitar da hanyar lissafin da har yau ake amfani da ita. Ana yanka hoton zuciya falle-falle, kowane falle kaurin milimita 3. Duk ɗigon da ke kan jijiyar zuciya wanda taurinsa ya kai 130 ko ya wuce, a ɗauke shi kalsiyam ne. A auna faɗinsa, a ninka da 1 ko 2 ko 3 ko 4 gwargwadon taurinsa, a tara na duk jijiyoyin, lamba ɗaya ta fito. Lissafi ne da ɗan aji uku na babbar sakandare zai iya bi, kuma na riga na sa shi a darasin da nake yi wa ɗalibaina kan haskoki. Kwamfuta ce ke haska ɗigogin, amma mutum ne ke zaɓar wanne ne na jijiyar zuciya, wanne ne na ƙashi ko na babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Saboda haka idon mai karantawa yana da muhimmanci kamar tsadar na'urar.

Maganar radiyeshan, wadda ita ce matata ta fi damuwa da ita: hoton nan yana ba mutum kimanin milisibat 1, wato ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha. Abin da kowannenmu ke sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama a shekara, a matsakaicin lissafin duniya, kimanin 2.4 ne. Ke nan bai kai na rabin shekara ba. Kaɗan ne, amma ba abin da za a riƙa maimaitawa don nishaɗi ba ne, kuma mai juna biyu ba ta yi.

Inda sabis ɗin ya faɗi warwas shi ne wajen ba da sakamako. Na koma aka miƙo mini ambulan, ciki da faifan hoto da takarda shafi guda da Turancin likitoci. An jera jijiyoyi huɗu, kowace da lambarta, a ƙasa an rubuta jimla: 142. Mafi yawansa a jijiyar da ke gangarowa ta gaban zuciya. Na tambayi yarinyar teburi ko akwai wanda zai yi mini bayani, ta ce likitan da ke rubuta rahoto ba ya zama a nan, ta intanet ake tura masa, in kai wa wanda ya turo ni. A ƙa'ida ba ta yi kuskure ba. Amma ka yi tunanin mutumin da bai san ko 142 cikin 200 ba ne ko cikin 1,000, ya fito bakin titi da wannan takarda, ganin likitansa kuma sai mako mai zuwa. Ni da nake karanta Turanci ma sai da barci ya yi mini wuya. Me zai hana su buga rabin shafi da Hausa su sa a cikin ambulan ɗin? Sifili na nufin ba a ga komai ba. Daga 1 zuwa 99 kaɗan ne. Daga 100 zuwa sama abin ya fara taruwa, a ga likita a yi maganar magani. In ya haura 300 ko 400 ya yi yawa. Lambar ba ta da iyaka ta sama, akwai masu dubu da ɗoriya suna yawo da ƙafarsu. Kuma ba ta nufin jijiya ta toshe. Wannan bai fi aikin rabin awa ba ga wanda ya damu, mai karɓar sama da albashin wata guda a gwaji ɗaya kuwa bai kamata ya gaza shi ba.

Likitana ne ya zauna ya warware mini. Ya ce akwai wani babban bincike a Amurka da ake kira MESA, wanda aka fara a 2000 da mutum 6,814 masu shekara 45 zuwa 84, farare da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin Sin, duk ba wanda aka sani da ciwon zuciya a lokacin. A rahoton da suka fitar a 2008, waɗanda lambarsu ke tsakanin 101 da 300 haɗarin samun ciwon jijiyar zuciya a wurinsu ya ninka na masu sifili kusan sau 8, waɗanda suka haura 300 kuwa kusan sau 10. A kan irin wannan ne ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka tsara jagorarsu ta 2018: mutumin da ke tsakiya irina, in ya samu sifili ana iya jinkirta masa sitatin, sai fa in yana da suga, ko yana shan taba, ko ciwon zuciya ya kama danginsa na kusa da ƙuruciya. In ya samu 1 zuwa 99 an fi karkata ga a ba shi, musamman in shekarunsa sun kai 55. In ya kai 100, a ba shi. "Malam, gardama ta ƙare," in ji shi. Na ce ta ƙare. Ya rubuta mini atorvastatin, wani nau'in sitatin, yanzu ina sha kowane dare.

A ƙasan takardata akwai wani layi da ke kwatanta ni da sa'o'ina, wai na fi kashi kaza cikin ɗari na maza masu shekaruna yawan kalsiyam. Wannan layin ban ba shi nauyi sosai ba, likitan ma haka. Sa'o'in nan nawa mutanen Amurka ne, daga teburin wancan binciken aka ciro su. A cikin binciken ma an ga baƙaƙen fata ba su kai farare yawan kalsiyam ba, baƙin Amurka kuma cimarsa da rayuwarsa daban da ta mutumin Gwammaja. Ita dai jimlar, abin da aka gani ne a ƙirjina, ita na riƙe.

Akwai wata fosta a bangon wurin jira mai hoton zuciya ja, tana kiran kowa da kowa ya zo ya san lafiyar zuciyarsa da wannan hoton. Da ita nake da babbar rigima. Gwajin nan ba na kowa ba ne. Saurayi ɗan shekara 30 kusan tabbas sifili zai samu, domin kitsen da ke bangon jijiya sai ya daɗe yake taurarewa, mai laushin kuwa na'urar ba ta ganinsa in babu rini. Sai ya fita yana murna ya ci gaba da busa sigarinsa. Wanda jijiyar zuciyarsa ta taɓa toshewa, ko aka sa masa ƙarfen buɗe jijiya, ko ya riga ya fara sitatin saboda haɗarinsa a bayyane yake, lambar ba za ta canza masa komai ba. Mafi hatsari shi ne mai ciwon ƙirji. Wanda yake jin an danne masa ƙirji, ciwon na tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi ga haki, wannan ba layin hoto zai bi ba, sashen gaggawa zai nufa, ko na Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Murtala, ko na Nassarawa, ko duk wanda ya fi kusa. Mutumin da hoton ke yi wa amfani shi ne mai shekara 40 zuwa 75, wanda ba ya jin komai, wanda likita ya lissafa haɗarinsa ya same shi a tsakiya, kuma sakamakon zai sa a fara magani ko a fasa.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya game da garin nan. Abin da ya fi kayar da zukatan mutanenmu hawan jini ne da ba a kula da shi ba, wanda ke kumbura zuciya, ya kashe ƙoda, ya shanye ɓarin jiki. Ga kuma ciwon zuciyar masu jego, wanda arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suke rubutu a kansa. Duk waɗannan hoton kalsiyam ba ya ganinsu, aikin awon jini ne da hoton eko, wanda ke nuna girman zuciya da yadda take aiki. Mutum zai iya samun sifili tas alhali jininsa na 180 bisa 110. Da kuɗin da na kashe za a sayi na'urar awon hawan jini ta gida a kuma sayi maganin watanni. Wanda bai san lambar jininsa ba, bai san sugansa ba, bai rage gishiri da dunƙule a miya ba, ya fara da can. Da cibiyar nan za ta sa ma'aikaciyar jinya ta riƙa auna jinin duk wanda ya zauna jira kyauta, da ta fi fostar nan amfani.

Ga mata akwai abin lura. Liƙa wayoyin nan sai an buɗe saman ƙirji, kuma ranar da na je namiji ne kaɗai a ɗakin. Na ga wata baiwar Allah ta tsaya cak a ƙofa, sai da aka nemo ma'aikaciya daga ɗakin ɗibar jini ta shiga da ita. Sun yi abin da ya dace, amma bayan an tsaya ana kallon-kallo. Mace ta faɗa tun wajen biya cewa tana son mace ta shirya ta.

Rahoton nawa ya kuma ambaci wani ɗan ɗigo a huhu, domin hoton na kama gefen huhu da ke kusa da zuciya. Likita ya duba faifan da kansa ya ce tsohon abu ne da ya warke ya taurare, irin wanda ake yawan gani a ƙasashen da tarin fuka ya yi yawa, ba abin bi ba ne. Mai niyyar yin hoton ya san da wannan: wani lokaci akan tono abin da ba shi aka je nema ba, ya jawo wani hoton da wani kuɗin. Faifan kuma a adana shi, likita ya fi son ya gani da idonsa a kan ya karanta rahoton wani.

Kwanan baya suka kira ni a waya, muryar yarinyar teburin ce, cikin ladabi, wai akwai ragi ga tsofaffin kwastomomi in ina so in sake hoton in ga ko lambar ta sauka, in kuma taho da Hajiya. Na kai wa likita maganar. Ya ce lambar ba ta sauka. Sitatin ma kan ƙara ta, domin yana mai da kitse mai laushi, wanda shi ne ke fashewa ya toshe jijiya, ya zama mai tauri da ya zauna wuri ɗaya. Abin da za a riƙa bi a wurina kitsen jini ne da hawan jini, gwajin da ya fi hoton araha sosai. Mai sifili ne ake iya ce wa ya dawo bayan shekara 3 zuwa 5 ko fiye. Hajiya kuwa shekararta 46, jininta lafiya, ba suga, ya ce ba ta da abin da za ta je nema a can. Na kira su na ce mun gode, ba ma buƙata.